Neman Aure Babu Gaisuwa

Bari in fara da abin da kowa ke son ji, don mu huta: wawan labarin nan ni ne. Tun da na dawo daga ƙasar Zuru ba a bari in sha shayi cikin kwanciyar rai. A kasuwar Dumega tambaya, bayan lames, wato ibadarmu ta coci, ran Lahadi tambaya, har tsofaffin abokan aikina na Dogon Dutsi, inda na yi falanto, wato masinja, ina kai takardu ofis-ofis har gwiwoyina sunka gaji, sun aiko a jiyo musu yadda ta kaya. Da na yi shiru abina. To amma Sambo, makiyayin shanunmu, na yawo da nashi labarin kasuwa-kasuwa, kuma kullum sai ya ƙara mishi gishiri. Na yi lakwal har aji huɗu kafin mushe, wato malaminmu, ya gane gona ta fi shi bukatata, don haka ina iya rubutu in ba sauri ake ba.

Mu Katolika na wajenmu ba mu da yawa. In ɗakin addu'a ya cika ka duba, wannan ɗiyar wanka ce, waccan ɗiyar ƙanwarka. Shi ya sa Bulus, ɗan ƙanena Nomau, mai gyaran moto, wato babur, ya kusa yin furfura yana tuzuru. Da ya samo Rahila, yarinyar da ke koyar da ɗinki a Kangiwa, ƴar wani ƙauye kusa da Zuru, gidanmu duka ya yi ajiyar zuciya. Iyayenta sunka ce a turo manya. Sunka kuma bari munka ji cewa akwai wani saurayi can ƙauyensu da ya riga ya fara yi musu noma, don su haka ake neman mace a wurinsu tun kaka da kakanni, da fartanya. Uba ba ya nema wa ɗansa aure da bakinsa, sai anka ɗora mini. Katekis ɗinmu, mai koya mana addini, shi ne zai raka ni, ana gobe tafiya zazzaɓi ya kayar da shi.

Ga inda na shiga uku. Mompera, wato firist ɗinmu, ya sha gaya mana kada mu bar Maganar Allah a ɗakin addu'a tare da tabarmi. Duk Alhamis mukan taru a karanta Linjila, kowa ya zaɓi abu guda da zai aikata har mako ya zagayo. Ni shekara da shekaru masu sauƙi nake zaɓa, kamar yi wa maƙiyi addu'a daga nesa. Wannan Alhamis ɗin anka karanta inda Ubangiji Yesu ya aiki mabiyansa garuruwa, ya hana su ɗaukar jaka da takalmi, ya hana su gaisuwa a hanya, ya ce in sun shiga gida su yi salama, su ci abin da anka ba su. Na ji kamar sunana kawai anka manta ba a faɗa ba. Ga ni za a aika, ga tafiya. Da na tambayi Mompera ma'anarta da ba ku samu labari ba, amma kafin in lalubo takalmana ya hau motonsa ya nufi wani ƙauye.

Matata Tereza ta ɗaure mini jaka: goron kaiwa, da zannuwa, da guzuri. Da asuba na tura jakar cikin rumbu, ƙarƙashin dammunan gero. Kuɗin mota da katin shaida na sa a hula, don na yi tunani sosai na ga jaka anka hana, ba a ce komai a kan hula ba. Takalmi kuwa na tuɓe. Kaka ce, ƙarangiya ta nuna. Ban kai bayan gonar Nomau ba na zauna ina cirar ƙaya ina sake nazari, har na gane cewa takalmi na biyu ake nufi. Na koma na ɗauko nawa ta kan darni.

Abin da ban sani ba shi ne, da Hausa ba a fara magana sai da gaisuwa. Ka cire gaisuwa, ka zama bebe. Mai amalanken da ya ɗauke ni zuwa Dumega, abokina ne tun yarinta, ya tambayi kwanana, ya tambayi gida, ya tambayi Tereza, ni ina kallon kunnuwan jaki. Da munka isa ya ce da wani, a hankali amma na ji, "Andire ya fara rikicewa. Allah ya sa mu cika da hankalinmu."

A wurin ƴan kabu-kabu na ga Sambo zaune bisa wani buhu. Sambo Bafillace ne, shi ke kiwon ƴan shanunmu tun ubana na da rai. Wanda ba ɗan ƙasarmu ta Arewa, wajen Dogon Dutsi, ba ne zan yi wa bayani: mu Arawa da Fulani abokan wasa ne, in munka haɗu sai an yi zagi kafin a sha ruwa, kuma wanda ya rasa amsa shi ne bawan ɗaya har kasuwa ta gaba.

"A'a, bawana," in ji shi. "Wa ya kwance ka da sassafe? Ina za ka ba ka nemi izini ba?"

Amsa ta zo mini har haƙori, mai kyau ce kuwa, a kan ƙafafunsa masu kama da karan dawa. Sai na tuna tsakanin Ba'are da Bafillace zagi shi ne gaisuwa. Na haɗiye ta. Ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci kamarta ba, har da kinin.

Ya ce maganin shanu za shi saye a Kangiwa. Munka hau moto biyu, shi da buhunsa a gaba, ni a baya ina shan ƙurarsa, kuma duk inda hanya ta yi faɗi sai ya sa a jira ni don ya ƙara mini wata.

A iyaka, mutanen gefenmu sun san fuskata, sunka ɗaga mini hannu, na yi kamar ina gyara hula. Gefen Najeriya ne anka samu matsala. Wani mai kaki na zaune gindin dogon yaro. Kowa ya zo sai ya rusuna, ranka ya daɗe, ina aiki, ina gajiya. Ni na ciro kati daga hula na miƙa mishi kamar mai ba akuya dusa. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Baba, a garinku ba a gaisuwa?"

Na ɗaga kai ina kallon rassan dogon yaro.

"To zauna can bisa benci har ka tuna."

Na zauna. Inuwa ta matsa ta bar ni a rana. Sambo ya gama cin ƙuli-ƙulinsa tsaf, ya kakkaɓe hannu, kana ya taso.

"Ranka shi daɗe, ka yi haƙuri, nawa ne. Ba'are ne, dubi kumatunai. Ka san su da iskoki. Doguwa ce ta riƙe mishi halshe, wurin magani za ni kai shi. In ta tashi dai kada a tsaya kusa."

Mutumin ya ja kujerarsa baya. Ya miƙo katin da ƴan yatsu biyu, ga Sambo, ba gare ni ba, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ni da ubana ya yi shekaru ba ya cin tuwo da ni don na ƙi gadon doguwar gidanmu, yau ga ni na shiga Najeriya da sunanta.

Daga nan yunwa ta fara yi mini wa'azi. Sai Sambo ya zura hannu a buhu ya miƙo mini ƙuli-ƙuli da yaji, can kuma dambun zogale a leda. Na karɓa idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, ka gani ko, Andire? Ba ka ɗauki komai ba, Ubangiji ya ciyar da kai, kuma don ya nuna ikonsa ta hannun Bafillace ya yi. A Kangiwa Sambo ya leƙa shago guda ya ce maganinsu ya tsufa, sai Birnin Kebbi. Na ƙara gode wa Allah.

Mutanen can suna da abubuwan mamaki. Shayinsu a kofi ne babba kamar za a yi wa jariri wanka, da madara, a sha a tashi, ba irin namu da ake zama a jira shi tafasa uku ba. Kujerar gaba ta mutum ɗaya mutum biyu ke zama, kuma ƙarin kuɗi ake biya don wannan daraja. Mompera su Fada suke ce mishi.

A Birnin Kebbi munka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da dillalan shanu, sanin Sambo. Ina sa ƙafa a zaure na tuna an halatta salama a cikin gida. Duk gaisuwar da ta taru mini tun safe na juye wa bawan Allahn nan. Na tambayi gidansa, da iyali, da shanu, da damina, da gajiya, na koma na sake daga farko, har tuwon shinkafa ya huce, har fatoman ya dubi Sambo ya ce, "Wannan ne ka ce ba ya magana?" Na juya ga Sambo da zagin da na tanada, sai na tarar ya zama mutumin kirki. A cikin gida ko uffan ba ya ce mini, sai sannu Malam Andire, ga ruwa Malam Andire. Zagin mutum mai ladabi kuwa ba wasa ba ne, rashin kunya ne. Sai dai na ce mishi, "Gaskiya ƙulin matarka ya fi na Tereza. Nata gishiri ke yawa." Ya ce zai gaya mata.

Da safe Sambo ya ce an gaya mishi maganin kirki sai wajen Zuru. Har yanzu ban yi zargin komai ba. Kun ga abin da aji huɗu ke yi wa mutum.

A motar Zuru anka zaunar da ni kusa da wata tsohuwa ƴar ƙarama, da baƙin tabarau irin na asibiti, da zane mai hoton Uwa Maryamu. Sambo na bayanmu da buhunsa. Ta dube ni, ta dubi carbina mai gicciye.

"Sannu Baba, ina kwana? Daga ina haka?"

Na kalli taga.

"Salamar Ubangiji, ɗan'uwa."

Na motsa leɓe kamar ina tsakiyar addu'a. Can ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta miƙo mini. To an ce a ci abin da anka bayar. Na ɗiba na ci, na ƙara.

"Bakin dai yana aiki," ta ce da mutanen mota.

Wata mata ta ce wataƙila kurma ne, a bar shi. Da na tsira a haka. Sai direba ya ɗora mini jarkar manja bisa ƙafar da ƙarangiya ta soka, na ce mishi ya ɗauke kayansa ko in jefar ta taga, da murya har bayan mota. Tsohuwa ta ce, "Alhamdu lillahi, an samu waraka."

Bayan Jega ta fara hira da matar da ke gefenta, hirar da ba ta bukatar ɗaga murya haka. Ta ce yanar ido anka cire mata, likita ya ce ta ƙara hutawa, ita ta ƙi, don baƙi za su zo daga Nijar neman jikarta Rahila. Ta ce ita ta goya yarinyar, uban ba ya yanke komai sai ta ce. "An ce Arawa ne," in ji ta. "An ce mutane ne masu ladabi. Za mu gani."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. Na yi tunanin in gaishe ta nan take, sai na ga in na yi haka za ta san don Rahila na yi, kuma ga alkawarin da na ɗauka gaban Allah. Gaskiya har da kunyar Sambo. Dabarar da ta zo mini ita ce in naɗe fuskata da ƙyallen wuyana, cikin wannan zafi, don in rufe tsagena. Mu Arawa tsagenmu daga gefen baki yake tafiya har kunne, ko makaho ya shafa ya san mu. Na dogara ga cewa idonta bai warke ba. A bayana ina jin kujera na girgiza, Sambo ne ke dariya babu sauti.

A mararrabar ƙauyen munka sauka tare. Na laɓe bayan wata kuka har moto ya tafi da ita. Da na fito Sambo ma ya ɓace.

Gidan su Rahila na buga salamar da ta tashi kaji. Ubanta, manomi mai sanyin magana, ya tarbe ni hannu biyu. Anka kawo ruwa da kunu, ƴan'uwansa sunka taru gindin mangwaro, munka gaisa har na fara jin ni mutum ne. Sai ya ce, "Bari Mama ta fito."

Ta fito da tabaranta. Na sauka daga kujera na durƙusa, na gaishe ta da duk gaisuwar da na sani. Ta bari na gama.

"Ashe kana iyawa. Tun a tasha na gane ka. Tsagen nan da idon da ba a yi wa aiki ba ma ina ganinsa. Na ce ga surukinmu, bari in fara gaishe shi. Me na yi maka?"

Na yi mata bayani, tun daga Alhamis. Ina cikin yi ina jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a bakina.

"Mu ma an karanta mana ita," ta ce. "Karatu ɗaya ne ko'ina. Fada ya ce mana in an aike ka kada ka zauna hira a hanya aiki na jira. Bai ce ka ci gyaɗar mutane ka kalli taga ba. To shi ke nan, ina goron?"

Na ce goron na cikin jaka.

"Jakar fa?"

Na ce tana rumbu.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta cire tabarau ta goge da bakin zane.

"Waɗanda Yesu ya aika babu jaka, kai wa mutane abu suka je yi. Kai ɗauka ka zo yi."

Ɗaya daga cikin baffannin ya yi gyaran murya ya ce, dama yaron nan na gidan ƙetaren rafi bai taɓa wuce su bai gaishe su ba, kuma bana shi ya yi musu huɗa. Uban Rahila ya sunkuyar da kai. Nan wasa ya fita daga raina. Na tuna Bulus ranar da ya kawo mini wannan hular da ke kaina, sabuwa, ya ce, "Baffa, kai ne bakinmu." Na tuɓe hular na ajiye a ƙasa. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, yaron ba shi da labari, in akwai hukunci a yi mini, kada a yi mishi. Ta mayar da tabaranta a ido.

Sai munka ji sallama daga ƙofa. Sambo ne, da buhunsa a ka, tafe yake kamar wanda anka gayyata. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa wurin tsohuwa don in ji haushi, kana ya kwance buhu ya ciro jakata.

"Inna, saƙon matarsa ne. Ta ga sawunai har bakin rumbu, ta biyo ni ruga tun rana ba ta hito ba. Ta ce, Sambo, shanunmu na hannunka, ga tsohon sa guda na ƙara maka, kai shi ka maido. Ta ce kada in ba shi jakar a hanya, kyauta zai yi da ita. In bari sai ya ji a jikinai."

"Ya ji," in ji tsohuwa. "Miƙo."

Ta buɗe da kanta. Goro na naɗe cikin danshin algarara, ko ɗaya bai yi taushi ba. Ga zanen uwar yarinya. Ga wani zanen daban da ƙullin kanwa, don Tereza ta tambayi Bulus ta ji akwai kaka a gidan, abin da ni ban tambaya ba. Ledar guzuri ce kawai ta kusa ƙarewa.

"Wannan shi ya cinye," in ji Sambo. "Ya ce ya fi na matarsa daɗi."

Nan ne dariyar ta fashe, har matan da ke bayan zana. Tsohuwa ta ɗauki guntun ƙuli ta ɗanɗana, ta jinjina kai. Ta fasa goro guda, ta miƙa wa ɗanta rabi.

"Gidan da ke da macen da ta ɗaure wannan jaka, Rahila ba za ta wulaƙanta a ciki ba. An ba ku. Kai kuma suruki, ba ka bar garin nan sai ka bi gida-gida ka gaida kowa, ka fara da gidan ƙetaren rafi, ka ba su haƙuri."

Na bi. Ƙauyen ƙarami ne a ido, amma ba a ƙafa ba. Ran Lahadi munka yi lames da su, mata na buga tulu suna rawa har gaban bagade da doya a ka, abin da in anka yi a wajenmu katekis zai suma. A hanyar dawowa na gaida direba, na gaida fasinja, na gaida mai kakin nan na iyaka har ya ce wa Sambo lalle maganin ya yi kyau.

Na iso gida da la'asar. Bulus ya riƙe hannuna da hannu biyu. Tereza na bakin murhu tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba. Na san Sambo ya riga ni, don na ga ƙwaryar nono sabuwa a gefe. Na ga ya kamata in riƙe girmana ko yaya, sai na zauna na gyara murya na ce, duk abin da za a faɗa a faɗa, amma Magana ta cika a kaina: na fita ba jaka ba guzuri, kuma ban kwana da yunwa ba, Ubangiji ya ciyar da ni.

Ta buga muciya a bakin tukunya, ta ce, "To madalla. In zai sake ciyar da kai, ka ce ya gaya mini da wuri, in rage gishiri."